Namusiya Mai Tsabta Ba Ta Shiga Bahon Goggo

Jiya a makaranta, muna karin kumallo, Nafisa 'yar ajinmu ta ce wai ita ma idan an yi hutu za ta zo ta shiga aikin tsoma namusiya, tunda ai wanki ne kawai. Wanki! Sai da waken da nake ci ya kusa fitowa ta hancina. Shekarata goma sha bakwai, huɗu daga ciki a bakin baho na yi su, saboda haka a wannan sana'a ni tsohuwa ce tukuf, sanda kawai ta rage in riƙe. Ku matso, 'yan yara, in ba ku labari, har da na shekarar da kamfani ya so ƙwace bahon daga hannun Goggo Rabi a kan laifin da ba ta yi ba.

Namusiya dai ita ce gidan sauro. A ƙauyenmu, nan bakin kogi kusa da Abu Na'ama, ba mai kiranta da wani suna. Wani kamfanin magunguna ne daga Madani ya kawo su, farare tas, aka ba kowane gida mai ƙaramin yaro ko mai ciki guda ɗaya. To amma namusiya ba ta cika aiki sai ana tsoma ta cikin ruwan magani duk wata shida, yadda sauron da ya sauka a kai zai yi sallama da duniya. Kamfanin ba shi da mutanen da zai riƙa aikowa kowane lungu, musamman da damina da laka ke haɗiye mota. Sai ya nemi mace guda a kowane ƙauye, ya koya mata, ya ba ta kayan aiki. A namu aka ɗauki Goggo Rabi, yayar babana, domin ita ce macen da in ta tsaya a tsakar gida ta ce "a kawo", har maigari sai ya laluba aljihunsa ya ga ko da shi ake.

Sauronmu kuwa ba irin na birni ba ne. Namu in ya ci ka sai ya zauna a gefe ya goge baki, ya jira shayi. Da damina in sun taso daga gonakin dawa, jaki ma bango yake nema ya jingina.

Ni ba da son raina na shiga sana'ar ba. Horo aka yi mini. Na ɗaure jelar jakin liman da igiyar shanyar Inna, jakin ya ji kiran abokinsa ya zabura, zannuwan gidanmu suka zaga kasuwa sau biyu ba masu su a ciki. Washegari Inna ta riƙe kunnena har gidan Goggo, ta ce, "Ga ta nan. In akwai maganin da ka kashe ƙiriniya, ki tsoma ta ciki."

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da dokarsa. Akwai babban bahon roba shuɗi, wanda ko ɗan tsako bai isa ya sha ruwa a ciki ba. Akwai safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, da kwalba mai zane a wuya don auna ruwa, da ƙwayoyin magani kowace a ledarta. Sai rami a bayan gida inda ake zubar da ragowar ruwa, don in ya shiga kogi kifi ne zai mutu, masunta kuma su zo neman wuyanmu. Namusiya ɗaya, ƙwaya ɗaya, ruwa daidai zane. In ruwa ya wuce zanen da faɗin farce, Goggo za ta gani ko da ta ba ki baya.

Kafin a tsoma sai an wanke, kuma Goggo ba ta yarda da wankin kowa ba. Ta ce matan garin nan sabulu suke barin wa namusiya kamar da shi za a yi miya, shi kuwa sabulu yana hana magani kamawa. Don haka a kawo mana ita yadda take, ni in wanke, in ɗauraye sau uku, ta bushe, sannan ta shiga baho. A murza ta a ciki har ta shanye ruwan duka, kowane lungu ya jiƙe. Ba a matsewa da ƙarfi, ba a ratayewa, ba a kai ta rana. A inuwa ake shimfiɗa ta kan tabarma, sannan ki zauna ki yi gadi, don akuyoyin garinmu ba su taɓa ganin farin abu a ƙasa sun wuce ba tare da sun gwada kwanciya ba.

Namusiyar Inna Kulu mai ƙosai ce ta farko da na tsoma da hannuna. Ina cikin murzawa hancina ya yi ƙaiƙayi, na manta da safar da ke hannuna na sosa. Ai kuwa kafin in ƙirga goma fuskata ta ɗauki zugi kamar an shafa mini barkono. Na yi atishawa ta kai ɗari, ta ƙarshen har ta kori kajin maƙwabta. Goggo ta kwara mini ruwa a fuska, ta wanke da sabulu, sannan ta ce, "Madalla. Yanzu kin san abin da sauro ka ji." Tun daga ranar, ko kunama ce ta hau hancina sai na cire safa tukuna mu yi magana.

Masu kawo namusiya iri-iri ne. Akwai mai cewa a ƙara mata ƙwaya ta biyu, wai sauron ɗakinta ya fi na kowa taurin kai. Akwai wadda za ki tsoma mata yau, jibi ta wanke da sabulu saboda bikin suna, ta dawo tana cewa maganinku ba ya aiki. Akwai wani tsoho da ya zo da rawaninsa a hannu ya ce a taimaka a tsoma masa, tunda shi a gona yake yini. Goggo ta ce masa ya je ya dawo ranar da kansa ya zama gado. Ni dai a cikinsu duka na fi son masu kawo namusiya mai tsabta. Ɗauraya ɗaya kin gama. Shekara biyu ina sa wa waɗannan gidaje albarka, ina cewa su ne 'yan aljanna. Ku riƙe wannan, domin a nan wautata take.

Damina ta uku ita ce baƙar shekara. Ruwa ya yi yawa, kogi ya cika har ya leƙo gonaki, kowane sawun saniya ya zama tafki. Zazzaɓi ya shiga yara kamar an aiko shi da jerin sunaye. Ƙaramin asibitinmu mai ɗaki biyu ya cika, benci ya cika, iyaye mata suka koma ƙarƙashin darbejiya da 'ya'ya a cinya. Hakim, wato ma'aikacin lafiyar da ke duba mu, ya yi ta allura har babban yatsansa ya kumbura.

Ana cikin haka wata safiya Ustaz Bashir ya iso. Shi ne mutumin kamfanin da ke zagaya ƙauyuka. Motar hayar da ya shigo ta kafe a laka tun daga nesa, ya ƙaraso a ƙafa, wando a naɗe, takalma a hannu. Ba mugun mutum ba ne, shi ya koya wa Goggo aikin, amma ranar ko shayin da na kawo bai iya kallo ba. Da Larabci yake magana, don ba ya jin Hausa.

Ya ce, "Ya Hajja, ku da ƙauyen da ke hayin kogi rana ɗaya muka ba ku namusiya, magani iri ɗaya. Can yara sun samu sauƙi. Nan kuwa kamar ba mu taɓa zuwa ba. A ofis ana ta magana."

Goggo ta ce, "Ana cewa mi?"

Ya kalli takalmansa. "Ana cewa wataƙila ruwa yana yi wa maganin yawa. Ko ana raba ƙwaya ɗaya wa namusiya biyu."

Har akuyar da ke tauna tabarma sai da ta dakata.

Ya ce, "Ga sababbin ƙwayoyi. A sake tsoma na garin duka cikin makon nan. Bayan girbi zan dawo. In ba a ga canji ba, an ce in karɓi bahon in ba wani mutum daga Abu Na'ama, ya riƙa zuwa da babur."

Da ya tafi Goggo ta juya Hausa. "Ni Rabi! Shekara ashirin ina saida nono ban taɓa ɗiga mai ruwa ba, sai yau za ni ha'inci jarirai? Su ɗauki bahonsu, ba shi ad damuwata ba. Amma a ce cikin garin nan Rabi ta ci maganin yara, da wane ido za ni shiga gidan suna?" Sai kuma ta harare ni kamar ni ce kamfanin. "Ke kuma mi kike kallo? Tashi ki tara namusiyoyi."

Namusiyar gidan Alhaji Garba ce ta tona asirin, a rana ta biyu ta wanki. Na jefa ta a ruwa, na murza, na ɗaga. Ruwan ya fito garau, za ki iya dafa shayi da shi ki ba surukarki. Ga layin ninki nan a jikinta kamar jiya aka fitar da ita daga leda, sai ƙanshin turaren wuta take yi. Na ce, don neman magana kawai, "Goggo, tagwayen gidan nan mala'iku ne. Wata shida suna kwana cikin abu, ko ɗigon fitsari babu."

Goggo ta ajiye kwalbar awo. Ta zo ta karɓi namusiyar, ta kai hanci, ta shaƙa tun daga wannan kusurwa har waccan.

Ta ce, "Wagga ba ta taɓa ganin jariri ba."

Muka dubi juna. Sai ta ce in raba sauran namusiyoyin kashi biyu tun kafin su taɓa ruwa. Masu dauɗa, wato masu tabon nono da warin fitsari da hayaƙi da huda da aka ɗinke da baƙin zare, a hagu. Masu tsabta a dama. Na hagu ba su kai gwiwata ba. Na dama suka yi tsini har suka fi ni tsawo. Kuma da muka bi sunayen, masu dauɗar nan duk na gidajen da ba a cika ganin 'ya'yansu ƙarƙashin darbejiyar asibiti ba ne, irin su Inna Kulu, masu ɗaki ɗaya da rumfa.

Goggo ta ce, "In kin maida kowace, kada ki miƙa daga ƙofa. Ki tsaya ki ga inda za ta."

Na ga inda suke zuwa. Diwan suke zuwa, ɗakin baƙi na ƙofar gida. Ƙauyenmu a bakin mashigar kwalekwale yake, kan hanyar Rusairis, ba ranar da za ta wuce ba a yi baƙo ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga yamma, a gidajen mutane suka riƙa kwana, don haka a wurinmu baƙo ba abin wasa ba ne. Duk abin da ya fi kyau a gida nasa ne. Gado mai sabuwar igiya nasa ne, kofin da bai tsage ba nasa ne, zakaran da kika yi wata biyar kina kiwo kina kiransa da suna, nasa ne. To ga abu fari, sabo, daga birni, mai hana cizo. Wa ya cancance shi? Ba wanda ma ya tsaya tunani. In akwai baƙo a rataya masa, in ya tafi a ninke a sa a akwati da turare, a jira na gaba. Mutanen hayin kogi ba fin mu hankali suka yi ba. Hanya ce ba ta bi ta wurinsu ba.

Abin kunyar shi ne har gidanmu. Ni da nake tsoma namusiyar garin duka, tamu tana diwan ɗin Baba, ƙanena Sani ɗan shekara uku yana kwance da zazzaɓi karo na uku a daminar. Kullum ina wuce ta, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Na ce wa Inna mu ɗauko. Ta ce, "Ke, rufa mini asiri. Mi za ni ce ma babanki? Baƙo ya kwana sauro na cin shi, ya tahi Rusairis ya ba da labarinmu?"

Goggo ta bi mazan gida-gida. Kowa ya saurare ta da ladabi, ya ce, "Tamam, Hajja, gaskiya kika faɗi, in sha Allahu." Ana yin baƙo kuma namusiya ta koma diwan. Ba wanda ke son ya zama na farkon da za a ce ya hana baƙo.

Sai ta kafa doka. Ta ce duk Alhamis za mu zaga gari ta shinshina namusiyar kowane gida, kuma wadda ta samu da tsabta ba za ta ƙara shiga bahonta ba har abada. Nan fa matan garinmu suka nuna basira. Alhamis ta farko ba namusiya ɗaya mai tsabta a garin. Wata ta shafa toka. Wata ta ɗiga miyar kuɓewa. Matar Alhaji Garba kuwa, da yake ita ba ta yin abu rabi-rabi, ta shimfiɗa tata a garke tun Laraba.

Goggo ta shinshina, ta yi baya taku biyu. "Hajja Amna, wanga warin bunsuru na."

"A'a, Rabi, na tagwaye na."

"To in haka tagwayenki ka wari, ba namusiya suka bukata ba, makiyayi suka bukata."

An yi dariya. Dawa ta fara fitar da kai, girbi yana matsowa, benci a asibiti yana nan cike.

Kaka Ummaru ne ya zo a mako na uku. Ƙanen kakana ne, a Rusairis yake zaune yana fataucin busasshen kifi, sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma in ya zo garin duka sai ya zo gaisuwa. Ya haura tamanin. Ni da shi akwai wasan jika da kaka, yana ce mini matarsa, ina ce masa tsohon mijin da na rasa yadda zan yi da shi. Abin da in na faɗa wa wani babba za a yi mini dukan da sai an kira hakim, shi ina faɗa masa a gaban kowa a yi dariya.

Da safe aka ba ni shayi in kai diwan. Na same shi zaune a bakin gado, namusiyarmu a naɗe bisa kansa tana ta sheƙi, Baba a gefe kan tabarma.

Ya ce, "A'a, amarya, sai yanzu? Saura kaɗan in sake ki."

Na ce, "Sake ni mana. Dama na gaji da miji mai ƙwacen kayan yara."

"Ni? Mi na ƙwace?"

"Barci ya yi daɗi?"

"Wallahi rabon da in yi irinshi tun ina saurayi. Ko sauro guda."

"Ai dole. Namusiyar Sani ce. Shi yana ciki, jikinsa ya yi zafin da za a iya gasa wainar kisra a kai. Amma kada ka damu, angona, shekararsa uku kacal, bai wani saba da duniyar ba. Kai ka fi bukata. Tamanin ai ba ta ishi mutum ba."

Baba ya daka tsawa, "Batula!" Na riga na auna nisan ƙofa.

Kaka Ummaru ya ɗaga masa hannu. "Ƙyale ta. Matata ta." Bai yi dariya ba. Ya ajiye kofin ko kurɓa bai yi ba, ya laluba sandarsa, ya shiga cikin gida ba sallama. Ya daɗe tsaye kan Sani, ya taɓa goshinsa, ya dubi tabon cizon da ke ƙafafunsa. Sannan ya dawo diwan, ya hau gado da kansa, tsoho yana rawa muna ihu, ya kwance igiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya dunƙule namusiyar ya dangwara wa Baba a cinya.

Ya ce, "Kun sa ni cin haƙƙin yaro ban sani ba. Ni na zo in ga ɗiyanku na, ban zo in yi musu salla ba. Tashi ka kai mishi da hannunka."

Baba ya tashi ya kai. Ban taɓa ganin ya rataya ko ɗankwali ba a rayuwata, ya ɗaure ta a karkace, amma ya ɗaure.

Na ɗauka an gama, ashe tsohon yanzu ya fara. Ranar Juma'a muna madafa muna tuƙa tuwo, bayan an sallame, sai muka ji lasifikar masallaci ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu, sai ga muryar mijina. Ya ce shi Ummaru gobe zai kama hanya, kuma daga nan har Rusairis, daga Rusairis har Managil, ba mai shayin da zai wuce bai zauna ya ba da labari ba. Zai ce wa kowane matafiyi, in ka sauka garin nan aka rataya maka farar namusiya, ka tambaya ta wace ce, don ta wani jariri ce aka cire. Ya ce wanda ya ji wannan kuma ya kwana a ciki, shi da Allah. Aka ji liman yana cewa, "Alhaji, a taimaka da lasifikar," shi kuma yana cewa, "Ban gama ba."

Kuma ya cika alkawari. Kafin mako biyu baƙi suka fara tambaya tun daga ƙofa. Wani direban babbar mota ya sauka gidan Alhaji Garba, ya ɗaga kai ya ga namusiya, ya yi tsalle waje kamar ya ga maciji, ya ce a fitar da ita ko shi ya koma ya kwana kan buhunan albasa. Da dai abin ya juya, rataya wa baƙo ya zama shi ne abin kunyar, sai namusiyoyi suka yi ta shigewa cikin gida. Mazan da suka ce wa Goggo "tamam" suka riƙa cewa ai dama su tun farko ra'ayinsu ke nan.

Ranar da Ustaz Bashir ya dawo, bayan an kai dawa rumbu, Goggo ta shirya ta zama ranar tara namusiyoyi. Ban san yadda zan kwatanta muku tsakar gidan nan ba. Tsibi guda ne, ba hagu ba dama, kuma warinsa ya sa kaji sun yi hijira zuwa unguwar masunta. Mata sun cika gidan, kowace tana tsaye kusa da tata. Ustaz ya shigo da takardunsa, ya yi taku uku, ya ciro hankici ya toshe hanci.

Goggo ta zaro ɗaya daga tsibin ta miƙa masa. "Shinshina, ya Ustaz."

"Ya Hajja, daga nan ma ina ji."

"A'a. Ofis anka ce ina ha'inci, to hancin ofis za ya shaida. Shinshina."

Ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Hajja Amna ta turo tata gaba tana cewa, "Wannan ai ba komai, ya ji ta tagwaye!" Inna Kulu ta ce ita tata shekara uku tana wari, ba 'yar bana ba ce. Sai da Goggo ta tsawatar kafin su bar bawan Allah ya numfasa.

Ya riga ya biya ta asibiti kafin ya zo. Ya ce ya sami hakim zaune yana aske gemu, ga wuri a benci har mutum ya miƙe ƙafa. Zazzaɓi bai ƙare ba, ba ya ƙarewa a bakin kogi, amma ba a kwatanta da da. Goggo ta ba shi labari tun daga ruwan wanki har lasifika. Ya rubuta, ya rubuta, ya tsaya, ya ce akwai ƙauyuka uku a kan hanyar mota da suke ta zargin matan da ke tsomawa, bai taɓa tunanin ya leƙa diwan ba, alhali shi kansa a diwan ake sauke shi, kuma cikin namusiya yake kwana.

Sai ya miƙe a gaban matan duka ya ce, "Ya Hajja, ki yafe mana. Bahon naki ne. Zan faɗa a ofis, kuma ga shi na faɗa a nan."

Goggo ta ce, "Ƙara ɗaga murya, na bayan ba su jiya ba."

Ya ƙara. Sannan ya tambaye ta me take so kamfani ya kawo mata, sabon baho ko sabuwar safa.

Ta ce, "Bahona lafiya lau. Namusiya mummuna nike so."

"Mummuna?"

"Kun kawo abu fari kamar rigar Idi, kun ba mutanen da ba su iya ganin abu mai kyau su bar ma kansu. Tsohon nan ba kullum za ya riƙa kama lasifika ba, bana sun ji kunya, baɗi su manta. In za ku kawo na yara, ku kawo gajeru, masu launin da babba ba ya yarda a gan shi ciki."

Na ɗauka zai yi dariya, sai na ga yana rubutawa har da ja layi.

Kafin damina ta gaba sababbin namusiyoyin suka iso. Ruwan hoda ne mai ɗaukar ido, irin launin ɗankwalin 'yan yaye, kuma gajeru, daidai uwa ta lanƙwashe da ɗanta. Aka bar farare wa diwan, kowa ya huta. Mu dai farar tamu, ɓera ya riga ya yi mata taga uku, don haka da wani dillalin shanu daga Managil ya sauka gidanmu, ƙato mai gemu har ƙirji, Baba ya rikice, tsohon hali ya motsa, ya leƙo ya ce a kawo ta Sani a ara wa baƙo. Ni na kai, da saurina kuwa, har ina tuntuɓe. Na ware ta a gaban mutumin, na ɗaga sama don ya gani da kyau.

Ya dube ta. Ya dubi ƙafafunsa, waɗanda daga gwiwa zuwa ƙasa duk a waje za su kwana. Ya dubi abokan tafiyarsa biyu da suka fara cizon leɓe.

Ya ce, "Ɗiyata, maida ma mai ita. Ni da sauro mun daɗe da sanin juna."